Zanen da Ba a Yanka Ba

Da sunan Allah nike farawa, shi da ya ja mini kwana har na ga abin da na gani. Wannan babin na shekarar zane ne, kuma saboda ke Luba da kai Sahabi nike son a rubuta shi. Magana ta dawo kunnena cewa kuna faɗi a Wurno da Sakkwato wai ni na kori ubanku daga ɗakina a kan hoto, har ya cika a zaure kamar baƙo. Ban ji haushi ba, ko in ce na ji ya wuce. Ba ku nan anka yi abin, kun zo jinya kun ishe ƙarshensa, kuma wanda ya ishe ƙarshen magana dole ya ƙulla mata farko da kansa. Rabi jikata ke rubutawa ina faɗi. Tana ta gyara mini Hausa zuwa irin ta makaranta, na ce ta gyara abin da ta ga dama amma ta bar mini munka da sunka, da su anka haife ni. Abin da ya fito daga bakin mutane kuwa, na ce ta aje shi yadda ya fito.

Kun san ƙauyenmu na bayan Shinaka, kun san ranar da ɓarayin daji sunka shigo. Wanku yana fadama wajen albasa ya ji harbi, maimakon ya bi rafi ya tsira kamar sauran, sai ya juyo gida don iyalinsa. A bakin gari sunka tare shi. Sau guda zan faɗi wannan, don abin da ke tafe ya fahimtu: ba harbinsa sunka yi ba, yanka shi sunka yi. Malam, ubanku, shi ya ɗauko shi, shi ya yi masa wanka, shi ya naɗe masa wuya da rawaninsa kafin a sa likkafani, kuma bai bar ko mace guda cikinmu ta ga fuskar ba. Ɗakin mamacin ya ƙone da duk abin da ke ciki, wayarsa sun tafi da ita. Da munka taso zuwa Goronyo, ni da Malam da Hajo matar wanku da ɗiyansa biyu, Rabi da ƙanenta, ba mu da ko ɗan hoton katin zaɓe da za a nuna a ce ga shi. Rabi lokacin ta yi wayo, tana wajen shekara bakwai. Ƙanenta yana goye, shi ya sa anka bi shi da Talle har sunansa na gaskiya ya ɓace. Za ku lura ban ambaci sunan wanku ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, kuma ba yau zan fara ba don kawai ana rubutu.

Wani ɗan'uwan Malam ya ba mu aron gida, ɗaki biyu da zaure da dogon yaro guda a tsakar gida. Ni na kama bandar kifin da masunta ke kawowa daga madatsa, Hajo ta shiga dashen albasa a gonakin mutane. Malam da ke limanci a ƙauye ya koma mai bin sahu a masallacin wasu, yana ɗinkin hula a zaure. Munka rayu. Abin da ya fara cina shi ne lokacin da bakin Talle ya buɗe.

"Inna, ubana awa wa yake?"

Kowa da amsar da yake ba shi a kan kamannin uban. Wata ranar kasuwa Hajo ta nuna masa wani mai sayar da gishiri ta ce tsawon ubansa ke nan. Kasuwa ta zagayo munka nemi yaro munka rasa, sai can anka ishe shi zaune a gefen mai gishiri, ya jingina da buhu, yana kallon mutumin. Bawan Allah ya ɗauka yunwa yake ji har ya saya masa ƙosai. Ranar ban iya cin tuwo ba. Kuma abin da ban faɗa wa kowa ba, ni kaina fuskar ta fara kuɓuce mini. In na rufe ido ina ganin hularsa, ina ganin yadda yake jefa ƙafa in ya fito fadama, amma in na nemi fuskar sai ta ƙi tsayawa. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron in wayi gari uwa ce ni wadda ba ta san kamannin ɗanta ba.

Cikin wannan hali anka turo wata 'yar bautar ƙasa makarantar su Rabi, Bayarabiya, ana ce mata Malama Rashida, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarabawa. Ranar farko da ta leƙo ta ga askar fuskata, tsagen nan namu na Gobirawa, sai ta tafa hannu.

"Mama, ashe baiwata ce maƙwabciyata. Gobe ki share mini ɗaki."

"Ke dai shigo ki ci tuwon iyayen gidanki," na ce mata, "barkono ya ƙone miki hanji, dubi yadda kike awa tsinke."

Tun daga nan ta zama ɗiyar gida. Tana da wata kwamfuta marar madannai, faɗinta bai wuce faifan rufe ƙwarya ba, da wani alƙalamin roba da ba shi da tawada. A ciki akwai manhajar zane. Bayan la'asar takan kawo ta ƙarƙashin dogon yaronmu, ɗiyan unguwa su kewaye ta, kowa da layinsa. Yara sunka sa wa kwamfutar suna allo. Malam ya ce allo guda ne a duniya, a nemo mata wani suna, amma ba wanda ya nemo. Ni daga bakin murhuna nike kallo. Yaro zai taɓa wani ɗan da'ira mai launuka ya ɗauko shuɗi, ya ja alƙalami, sai ga ruwa ya kwanta. Ya canza bakin alƙalamin ya ɗauko wanda ke gogawa kamar gawayi, ko wanda ke jiƙa launi ya baje. In ya yi kuskure akwai 'yar kibiya mai lanƙwasa, ya taɓa ta kuskuren ya koma inda ya fito. Sun zana madatsa da ƙofofinta, sun zana jirgin masunta, da tarin albasa a rumfa, da motar kasuwa an yi mata lodi har tana karkata. Wasu daga cikin ɗiyanmu na gudun hijira babura suke zanawa, mutum uku uku a kai da abu a kafaɗa. In sunka yi haka Malama sai ta tambaye su wane launi suke so su yi wa sama.

Wata rana Malam ya fito alwala ya tsaya a kansu. Ya ga gulbi da itatuwa ya ce madalla. Sai ya ga jaki, na wani yaro, da kunnuwa har da gindin wutsiya, ya ɓata rai. Ya zaunar da su ya yi musu bayani a hankali, don ubanku ba mai tsawa ba ne. Ya ce wanda ya suranta abu mai rai, ranar gobe kiyama za a ce ya hura masa rai, kuma ba ya iyawa. Ya ce tun yana ƙarami malaminsa ya koya musu dabara: in dole sai an zana, a ja layi a wuyan abin, a raba kai da gangar jiki, ya zama ba cikakkiyar halitta ba ce. Malama ta ce ta ji ta yarda, ita ma musulma ce, gida kuma gidansa ne. Daga ranar ya zama doka. Kullum zai ratsa ya leƙa, in ya ga akuya ko zakara ya nuna da baki.

"A yanka shi."

Yara su kwashe da dariya su ja layi. Har abin ya zama wasa tsakaninsa da su. Na tuna Rabi ta zana tarwaɗa mai gashin baki, ta ɗaga masa.

"Malam, kihi ina wuyanai?"

"Inda kakarki ka aza wuƙa, amarya. Tambaye ta."

Ita wannan amaryar tasa kuwa, wadda ke rubutun nan tana sunkuyar da kai, ita ta gano wata dabara. Ashe a cikin manhajar ana iya shimfiɗa wani fili a bisa zane, garau kamar leda, a yi rubutu a kansa ba tare da an taɓa na ƙasa ba. Sai ta riƙa jan layin Malam a bisa ledar. In ya wuce masallaci ta taɓa wani ɗan ido da ke gefe, layi ya ɓace, akuya ta koma da wuyanta. Kafin mako ya zagayo duk yaran sun iya. Na gani da idona, na kuma ja bakina, don ban ga abin tayar da hankalin tsoho a kan akuya ba.

Rabi ta fi su hannu, wannan ko Malama ta faɗa. Bayan an cire albasar farko ta same ni ina jera kifi a waya, ta tsuguna.

"Inna, ina son in yi Baba. Don Talle shi bar bin mutane kasuwa."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ce ta miƙo mini itace. Ita kuma ta san ni, ta ɗauki hakan a matsayin izini. Malama ta riƙa bar mata allon bayan sauran yara sun watse, lokacin da Malam ke masallaci tsakanin la'asar sakaliya da magariba. Aikin ya ɗau makonni. Abin da Rabi ta riƙe na ubanta kaɗan ne: askar kumatunsa da take bi da yatsa in ya ɗauke ta, da wushiryarsa. Hajo ta kawo sauran. Takan dawo daga gona da laka har gwiwa, ko wanka ba ta yi ba ta durƙusa a kan allon.

"Hancin ya yi tsawo, rage. A'a, kin rage da yawa, mai da shi. Kuma ba baƙi ba ne hakanga, wankan tarwaɗa na."

Rabi ta taɓa kibiya, ta sake, ta taɓa, ta sake. Sun yi kwana da kwanaki a kan launin fata kaɗai, suna haɗa ja da ruwan ƙasa suna ragewa. Ni ina zaune na ba su baya, ina fifita wuta. Ba wanda ya tambaye ni, don kowa ya san uwa ba ta zancen ɗan fari, balle ta tsaya siffanta shi gaban surukarta. Amma kunnena yana wurin, kuma in na tashi ɗibar ruwa nakan saci kallo. Abin da nike gani wani mutum ne mai kirki, Bagobiri, mai wushirya, yana kallona ido cikin ido. Ba shi ba ne. Na rasa mi ya hana, har wata rana Rabi ta karkata allon tana goge ƙura, fuskar ta juya gefe. A nan na gane. Ni ban taɓa kallon yaron nan gaba da gaba ba tunda anka yaye shi anka kai shi ɗakin kakarsa. In ya shigo gaisuwa na kau da kai, in ya zauna cin abinci ina can gefe ina wani aiki. Shekara talatin da wani abu da wutsiyar ido nike kallonsa, kuma Allah ya sani ban taɓa daina kallon ba. Fuskar da na sani ta gefe ce.

"Juya shi," na ce, ban waiwayo ba. "Shi dubi wajen ƙohwa."

Hajo ta rufe baki da gefen zane. Rabi ta ce sai dai a sake daga farko, na ce to a sake, ina ce abin naku ba ya cin tawada. Da anka juya shi sai abubuwa sunka riƙa zo mini da kansu. Goshin yana da ɗan tudu. Kunnen ya ɗan tashi daga kai. Akwai tabo a ƙarshen girar hagu, inda jaki ya kayar da shi yana ɗan shekara biyar, ranar da na tsaya a bayan rumbu ina jin kukansa ban iya zuwa ba don idon mutane. Hajo ta ce ita duk zamansu ba ta lura da tabon ba sai da na faɗa. Na bar kifi yana ƙonewa na matso, ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba ina nuna wa yarinya da farce inda za ta ƙara duhu. Ta yi masa rigarsa shuɗiya ta zuwa Juma'a, mai buɗaɗɗen wuya. Ranar da ta gyara ƙasan idon, na duba, na tashi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da anka binne shi.

Washegari anka kira Talle anka aza masa allon a cinya. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton yadda ya ga ana yi, har fuskar ta cika allon, ya bi askar da yatsa. Ya yi tambaya guda, ko mutumin ya san shi. Hajo ta ce shi ya yi masa huɗuba. Muna cikin haka, mun haɗa kai mu duka har Malama, ba mu ji shigowar Malam ba. Ranar an yi jana'iza a unguwa, ya dawo da wuri. Ya hango daga bakin zaure cewa mutum ne a allon, idonsa kuma dama ya fara rauni. Ya nuna da baki yadda ya saba, da 'yar murmushinsa ta wasa da yara.

"Yau kuma mutum anka samu? To, a yanka shi."

Hajo ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta kife a ƙasa. Rabi ta rungume allon a ƙirji. Talle kaɗai bai san mi anka yi ba, ya ɗaga kai da murnarsa.

"Malam, Babana na. Zo ka gani."

Na ga butar hannun ubanku ta faɗi. Bai matso ba. Ya juya fuska wajen bango, ya dafa shi, ya yi ta salati ƙasa ƙasa, sannan ya koma zaure. Magana zarar bunu ce, kuma shi ya fi kowa sanin abin da bakinsa ya faɗa. Kada ɗayanku ya taɓa riƙe shi da wannan kalma, bai san wa ke allon ba.

Da hantsi ya aika Talle ya kira ni zaure. Ya ce ba ya cewa a ja layi, har abada ba ya cewa. Amma a goge zanen duka.

"Ba a goge shi, Malam," na ce.

Tunda anka kawo ni gidansa ina yarinya ban taɓa ce masa a'a a kan abin da ya shafi addini ba, shi ma sai da ya ɗago ya dube ni.

"Ba don kaina ba," ya ce. "Yarinyar ga nike ji ma tsoro. In anka ce mata hura mai rai, mi za ta ce? Na rasa uban, in rasa ɗiyar gobe kiyama?"

Na ce masa na ji ana faɗin malamai sun saɓa, wasu sun ce zanen da ba shi da inuwa da sauƙi. Ya ce ya san wannan tun kafin in ji, amma shi abin da ya ɗauka daga malaminsa ya karantar da mutane shekara da shekaru ke nan, ba ya sauya shi yau don abin ya zo kan ɗansa. Na ce to shi ya gan shi ƙarshe, shi ya wanke shi, mu ya hana mu. Talle bai gan shi ba ko sau guda da wayonsa. Ni kuma fuskar tana gudu daga kaina, in anka goge wannan ban san ko za ta sake dawowa ba.

"Ke tana gudu," ya ce. "Ni ta ƙi tahiya. Wadda nig gani ranar nan ita ɗai nike gani."

Na ce to ya zo ya dubi wannan, ko ta kore waccan. Ya girgiza kai. Ya riƙa juya hular da yake ɗinki. Can ya ce bai yarje mini ba, kuma ba ya tilasta ni. Amma in sani mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da hoto, kuma ɗakin da hoton ga yake shi ma ba ya shiga.

Na yi kwanaki ina juya abin. Ba da fushi na yanke ba, kuma ban ɗauka Malam ya yi kuskure ba, har yau ban ce ya yi ba. Na dai auna: shi yana da karatunsa da zai jingina da shi, yaron nan ba shi da komai sai mai gishiri. Lokacin tafiyar Malama ya matso, allon kuma nata ne. Ta ce za ta tura zanen a wayar wani, na ce na ga abin da ke samun waya. Da ta shiga Sakkwato sai ta sa anka buga shi a takarda mai kauri, anka sa masa gilashi. Ranar da za ta tafi ta kawo mini, ta ce ga ladan shara, baiwata. Karo na farko ke nan da Bayarabiya ta ci ni da baki. Ɗakin Hajo yana yoyo, kuma ita tana da ƙuruciya, wata rana za ta yi wani auren. Na kafa ƙusa a ɗakina da hannuna na rataye shi.

Ranar Malam ya sa anka fitar masa da buzunsa da littattafansa zuwa zaure. Bai ɗaga murya ba, bai daina cin tuwona ba, bai daina kirana da sunan da yake kirana ba. In yana son magana yakan zo bakin ƙofa ya zauna a kan turmi, asabari tsakaninmu, mu yi hirar albasa da ta mutanen ƙauye da wanda ya koma da wanda ya mutu. Damina biyu munka yi haka. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo. Tsufa lokacin da mutum ke son jin tarin abokin zamansa kusa ne, ni kuma sai in jiyo nasa daga zaure. Rabi ta so ta bar zane saboda ganin abin da ta jawo, shi da kansa ya kira ta ya ce ta ci gaba da gulbinta da itatuwanta, yana yi mata addu'a kullum. Talle kuwa bai sake zuwa wajen mai gishiri ba. Da safe yakan leƙo ɗakina ya gaida ubansa kafin ya gaishe ni, ina ce masa miji marar kunya.

Da ciwon ya kwantar da Malam, abin da kunka zo kunka ishe ke nan, tsoho a zaure ni ina kai da kawo. Abin da ba ku ishe ba shi ne tun makon farko na durƙusa gabansa na ce zan sauke hoton in kai shi maƙwabta, a mai da shi ɗaki, zaure da sanyi.

"Bar shi inda yake," ya ce. "Yaron ya saba."

Na sake roƙo, ya sake faɗin haka. Wannan ita ce korar da anka ce na yi.

Kwana kaɗan kafin ya cika, da safe, kun fita ke Luba kin tafi chemist sayen magani kai Sahabi ka tafi neman mota, ina ba shi kunu yana ƙi. Ya ce a kira masa abokinsa. Talle ya zo ya zauna a bakin buzu.

"Abokina, mutumen ga na ɗakin kakarka, kullum kana ganinai?"

"Kullum."

"To hwaɗa min yadda yake. Ni idona ya tahi."

Talle ya gyara zama, ya fara lissafi kamar mai ba da hadda. Ya ce yana da aska irin ta Malam. Yana da wushirya. Yana kallon wajen ƙofa, kamar wani zai shigo. Kunnensa ya ɗan tashi, kuma akwai tabo nan, ya taɓa ƙarshen girarsa.

"Jaki na," in ji Malam. "Ni na aza shi bisa. Sai mi?"

"Sai riga shuɗiya."

Na ɗauka barci ya ɗauke Malam. Sai na ga hannunsa yana lalube a kan buzu, ya kama na yaron.

"Wuyanai hwa?"

Talle ya dube ni, don bai gane tambayar ba. Ya mai da ido ga kakansa.

"Ba komi ga wuyanai, Malam. Lahiya lau yake."

Ubanku ya rufe ido, hawaye ya bi askarsa ya gangara cikin gemu. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Sannan ya ce in miƙo kunun, ya sha.

Allah shi jiƙan su su biyu, shi sa sun ga juna.